Hotunan Inna a Faifai

Koren layin nan da ke nuna tafiyar aiki ya kai rabi ya tsaya cak. Kwamfutar ta yi wani gurnani, ta turo faifan waje kamar yaro ya tofar da magani, sannan ta rubuta cewa kwafin bai yiwu ba.

Sanƙo ya ja tsaki. Yau kwamfutar za ta bar gidan nan, kuma mutumin da zai saye ta ba ya tambayar abin da ke ciki. Tana shiga hannunsa zai goge komai ya mayar da ita fes. A cikinta kuwa akwai hotunan iyali tun daga ranar aure har ranar da autar gidan ta fara zuwa makaranta. Sanƙo yana da halaye da dama waɗanda ba a yabo, amma bai taɓa yarda hoto ya salwanta a hannunsa ba. Sai ya kwafe su a faifai tukuna. Kuma so yake ya gama kafin matar gidan ta dawo da yara daga makaranta, don ba ya son doguwar magana.

Ya ɗaga faifan ya duba a hasken taga. Bayansa duk a karce yake, da alama an daɗe ana ɗora masa kofi. Ya shiga neman wani. Aljihun teburi na farko babu komai sai matattun batura da mabuɗan da ba a san na ina ba ne, na biyu kuma magunguna. Can bayan littattafai ya ci karo da ƙunshin sababbin faifai. Ya zaro ɗaya a hankali. Faifai ba ya son shatin yatsa, shi kuwa Sanƙo dama da safar hannu yake aiki.

Wannan karon kwamfutar ko farawa ba ta yi ba, cewa ta yi wuri bai isa ba.

Ya kira ƙanin matarsa a waya, wanda ke jiransa a mota a bakin titi. Injiniya ake ce masa, ko da yake babu makarantar da ta san da wannan zance.

"Yaya, lafiya? Na zaci ɗaukowa kawai za ka yi."

"Faifan ne ya ƙi. Wai babu wuri."

"To ka bar hotunan mana. Wa zai tambaye ka?"

"Shawara na nema ko wa'azi?"

Injiniya ya yi ajiyar zuciya. "Akwai bidiyo a ciki ke nan, shi ya cinye wurin. Ka cire shi, ko ka nemi faifan dibidi, ya fi ɗaukar kaya."

Bidiyon guda ne, an sa masa suna "Inna, Allah ya jiƙanta". Sanƙo ya ce amin, ya buɗe. Tsohuwar tana zaune a kujerar falon nan, riƙe da jaririya, tana dariya tana cewa a kawar mata da wannan abu daga fuska. Tausayi ya kama shi sosai. Cire bidiyon dai babu shi a magana.

A ƙasan ƙunshin ya samu dibidi guda biyu. Ya hure ƙurar da ke cikin mazubin faifan, ya sa ɗaya, ya danna. Layin ya tafi tiryan-tiryan, ya wuce rabi, ya kusa ƙarshe. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Maman yara, kin dawo?" Muryar maƙwabciya ce.

Sanƙo ya lafe a inda yake. Ta sake bugawa, ta yi mita, takunta ya yi nisa. Da ya mayar da ido kan allon, kwamfutar ta riga ta tofo faifan. Dibidi ɗaya ya rage.

Ya sake kiran Injiniya.

"Gudun ne ya yi masa yawa," in ji Injiniya. "Faifai mai arha ba ya son gaggawa. Ka rufe duk abin da ke buɗe, ka zaɓi gudu mafi ƙanƙanta. Amma Yaya, wallahi an fara tashin 'yan makaranta."

"Su taso."

Ya yi yadda aka ce. Layin ya fara rarrafe. Sanƙo ya tsaya a kansa hannu a ƙugu, gumi na bin ƙeyarsa, ko kujera bai taɓa ba don kada teburin ya girgiza. Daga titi hayaniyar yara ta fara tasowa. Injiniya ya danna hon sau ɗaya, gajere, irin na mutumin da haƙurinsa ya ƙare amma yana tsoron mijin yayarsa.

Daga ƙarshe kwamfutar ta ce an gama. Da wani ne, daga nan zai tashi, amma Sanƙo ya sha ganin faifan da ya ce ya ɗauka alhali fanko ne. Ya mayar da shi ciki ya buɗe. Hotunan suna nan. Ya danna bidiyon, tsohuwar ta yi dariyarta har ƙarshe ba tare da sarƙewa ba. Sai a lokacin hankalinsa ya kwanta.

Ya rubuta "Hotuna" a kan faifan da manyan baƙaƙe, ya ajiye shi a tsakiyar teburi inda ba za a kasa gani ba. Ya zare wayoyi ya naɗe su tsaf, ya rungumi kwamfutar.

Sannan ya fita ta inda ya shigo, ta tagar kicin da ya ɓalle wa ƙarfe, yana jin haushin mutanen da ke sayen faifai mai arha su ɓata wa ɓarawo lokaci.