Rabon Kwanakin Gayya a Shekarar Riɗi

Ka ce jawabin kasafin kuɗin bana ya ɗaure maka kai, wai gwamnati na son arziki ya bunƙasa, tana kuma son kada a bar kowa a baya. To, zauna ka ji. Sunan garin ya kuɓuce mini, shekarar ma ta bi shi, tsufa ya zo da rariyarsa. Amma fuskar sarkin nomansu tana nan a idona.

A garin, da zarar damina ta kama, sarkin noma kan tsaya gindin tsamiya ya raba kwanakin gayya goma sha biyu, ya faɗi gonar da za a taru a nome kowace rana. A shekarar, masu sayen riɗi sun yi alkawarin zuwa da manyan motoci, gari ya ɗauki ɗumi. Shi ma sarkin noma zumuɗi ya hana shi zama, ya ƙudura zai zuba kwanakin kaf a manyan gonakin riɗi. Ya fara jawabi, makaɗi na sakin ganga, samari na ihu, yana lissafa rufin kwano da kekuna da za su shigo gari. Yana cikin haka idonsa ya faɗa can baya, inda masu 'yan gonakin gero suke zaune. Ɗaya daga cikinsu, wani dogon mutum mai 'ya'ya shida, bai ko ɗago kai ba, yana ta ɗinke igiyar jakarsa ta cirani. Sai sarkin noma ya yi wani lissafi a ransa. Idan ciyawa ta cinye geron mutumin nan, rumbunsa zai tashi wayam, zai bar gari tun kafin riɗi ya nuna, ire-irensa kuma su ne rabin hannayen garin. Nan take ya ɗaga hannu, ganga ta tsaya. Ya ce, "Kwana biyar na gero ne, kuma da shi za a fara. Bakwai na riɗi." Manyan manoma suka yi ta guna-guni, wani ya ce tsoro ne ya kama tsoho.

Gero ya yi kyau, aka ci tumu, ba wanda ya tafi. Sai ga riɗi ya nuna gaba ɗaya, kamar an yi masa shela. Zo ka ga gari! Maza da lauje, mata na ɗaure dami suna jingina shi a tsaye, ganga na tashi, dogon mutumin nan yana gaba, shi da 'ya'yansa, suna yanka kamar ana korarsu. Cikin 'yan kwanaki aka kwashe gonakin tas. Da motoci suka iso, sai da suka yi sawu biyu.

Na daɗe ina kokwanton ko tsufa ne ya ƙara wa labarin gishiri. Sai bara na shiga gonar wani maƙwabcina da ya makara wajen yanka, na taɓa karan riɗi ɗaya, ƙwayar ta zubo kan takalmina. Wannan ya tabbatar mini cewa riɗi in ya bushe a tsaye, buɗe baki yake yi ya zubar da abin cikinsa a ƙasa, ba ya jiran a nemo ma'aikata.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, da ruwan ciki ake jan na rijiya.