Zafin Kwantena Ta Tara

Na rantse da kabarin kakata ba za ku yarda ba, amma ni Sjoerd, da na gudu daga makaranta ina ɗan shekara sha huɗu, na wahalar da mai digiri biyu har sati uku cur.

Aikina yankan ciyawa a filin batura da ke bayan garinmu. Kwantena ashirin ne cike da batura, su sha wutar injinan iska da rana, su mayar wa gari da yamma. Injiniyanmu Hidde, mai tafiya kamar ya haɗiyi sanda, bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai mai lauje". Na ce to, mu zuba.

A jikin kwantena ta tara akwai ɗan akwatin auna zafi. Kullum ƙarfe biyar in zan tashi daga aiki, daidai lokacin da duk gari ke kunna murhu, sai in jingina masa butar kofina mai zafi. Jim kaɗan jiniya ta ɗauka, Hidde ya fito a guje cikin ruwan sama, ni kuwa ina bayan shinge ina riƙe ciki don dariya.

"Madam, baturan nan ba lafiya, a kashe su," in ji shi.

Shugabarmu Madam Tamminga ta harare shi. "A kashe, gari ya yi girki da me? Sau huɗu ana dubawa. Ko dai kai ne ba lafiya?"

Ta fara bin sawunsa, shi kuma yana yi wa kowa kallon ɓarawo. Ran Lahadi ina gida aka ce jiniya ta yi kuka. Na ce lallai wani ya saci sana'ata.

Ashe Madam ta ɓoye kyamara. Ran Laraba da yamma ta kira mu ofis ta kunna, ga ni ɓaro-ɓaro da buta.

"Tattara naka ya naka, Sjoerd, ajiye makullinmu. Kai kuma Hidde, ka gani? Baturana lafiya lau."

Na ajiye, na cire hula. "Injiniya, mai lauje na gaisuwa."

Hidde bai ko kalle ni ba. Ya sa aka mayar da hoton baya, ya ƙura masa ido, ya dubi agogon bango. Biyar saura minti uku.

"Madam, a fitar da kowa yanzu. Akwatin da yake ɗumamawa, tun bara na cire masa waya. Zafin daga cikin batura yake fitowa."