Tsawon Gadar Garinsu

Karo na uku ke nan mai fotokwafi yana auna gadar, awon kuma ya ƙi canzawa. Mita ɗari uku da arba'in. Ya naɗe tef ɗin da ya aro wurin magini, masu babur suna ta danna masa hon, suna yi masa kallon wanda ya fara zarewa.

Shi kuwa littafin labarin ƙasa na 'yan aji uku cewa ya yi mita ɗari bakwai da arba'in. Shekara goma sha tara yara suna haddace wannan lamba, suna kuma taka gadar safe da yamma, ba wanda abin ya dama.

Matsalar ta faro ne ranar da Auta, 'yarsa, take tilawar littafin da ƙarfi a shagonsa. Tana zuwa kan maganar gadar ya kashe inji ya ce ta goge, ɗari uku ne. Ta yi gardama, ya rantse mata. Da aka zo jarrabawar tace masu zuwa gasar kacici-kacici ta makarantu, ta rubuta abin da babanta ya ce. Malam ya ja mata jan biro. Da maki ɗaya ta zo ta huɗu, uku ake ɗauka, kuma ranar Alhamis za a aika sunaye. Shekara biyu yarinyar tana shirin gasar nan. Tun ranar ba ta ƙara ce masa komai ba ban da gaisuwa.

Ranar Litinin ya sami malamin labarin ƙasa a ofishin malamai. Kafin malam ya gama laluben littafin a durowa, mai fotokwafi ya riga ya faɗa masa wurin: shafi na talatin da ɗaya, layi na huɗu daga ƙasa. Malam ya yi dariya ya ce ai ko ɗalibansa ba su haddace haka ba. Ya ciro waya, ya nuna masa shafukan intanet har shida, duk ɗari bakwai da arba'in. Ya tambayi manhajar nan mai amsa tambayoyi, ita ma ta faɗi haka, da ladabinta.

Mai fotokwafi ya ce a duba da kyau, duk shidan jimlar littafin suka kwafa, ko waƙafi ba su canza ba. Wanda ya yi shekaru yana kwafi ai ya san kwafi in ya gani.

"Baban Auta, tef ɗin magini ba madogara ba ne," in ji malam. "Ka kawo mini takarda."

Ya tafi neman takarda. A ofishin ayyuka aka ce fayil ɗin gadar yana wurin wani, wanin kuma ya tafi hutu. Akawu ya tausaya masa ya ba shi ƙasidar ofishin, ya buɗe ya tarar su ma daga littafin suka ɗauka. A laburare ya sami littattafai uku da suka ambaci gadar, ukun duk suna jingina da shafi na talatin da ɗaya. Ya fito ransa a ɓace, har ya manta hularsa a kan tebur.

Matarsa ta ce don Allah ya bar maganar haka, ya jawo wa yarinya asara, kada ya ƙara mata da abin kunya. Ta tambaye shi me ya haɗa shi da gada ma, shi da ko gini bai taɓa yi ba. Shi dai yana ta ƙwanƙwasa tire da yatsunsa goma.

Ranar Laraba shugabar makaranta ta saurare shi har ƙarshe. Mace ce mai adalci, abin da ya fi ba shi haushi ke nan, don babu wanda zai yi wa faɗa. Ta ce ita ma kullum ta gadar take bi, ta san ba ta kai haka ba. Amma kwamitin gasa ne ya aiko da amsoshi, kwamiti kuma littafi ya sani. Marubucin ya rasu, maɗaba'ar da ta buga ta daɗe da rufewa.

"Sai dai a sami wanda ya ga rubutun hannun marigayin da idonsa, ya rubuto, ya sa hannu," ta ce, tana tattara takardunta. "Shi kuma a ina za mu same shi kafin gobe?"

Ya daɗe tsaye a bakin ƙofar makarantar. Da aka tashi ya kira Auta, suka taka zuwa shago. Ya ce ta jawo kujera kusa da shi. Ya kunna kwamfuta ya fara bugawa, da saurin da ba ta taɓa gani a wurinsa ba, ko kallon maɓallan ba ya yi. Ya fitar da takardar, ya sa hannu, ya miƙa mata.

"Ke za ki fara karantawa, kafin kowa."

Wasiƙar gajera ce. Bayan gaisuwa ga kwamiti, ta ce: "Ni ne mai buga rubutu na maɗaba'ar a shekarar da littafin ya fito. Marigayin ɗari uku ya rubuta, na gan shi da safe. Da rana na zubar da shayi a kan shafin, lambar ta goge, a lokacin na kasa tunawa, na ji tsoron tambaya kada a kore ni, sai na sa bakwai daga kaina."