Kaset-kaset ɗin Bakari

Bakari, mai gyaran rediyo a New Bell, ya tsallako titi ya tsaya a ƙofar shagon ɗinkin Hapsatu, rungume da kwali. Shekararsa hamsin da biyu a duniya.

"Hajiya, yayanki ya ce ba zai ba ni aurenki ba muddin ina jin waƙoƙin Turawan nan masu dogon gashi. Ga kaset-kaset ɗin, kogin Wouri zan zuba su."

Ba ta ɗago ba. Ta gutsure zare da haƙori.

"Har da waƙar nan da jita ke kuka a tsakiyarta, mutumin ya ja murya kamar an taka masa ƙafa?"

"Har da ita."

"Ka ma san abin da yake faɗa?"

"Ko kalma ɗaya. Amma tun ina saurayi, in ya kai wurin nan sai in ji ƙirjina ya buɗe."

Sai yanzu ta dube shi, ta ɗan jima.

"Shekara uku ke nan, duk ranar da ka saka ta sai na tsayar da kekena don in ji wurin. In ka zuba su a ruwa, nemi wata matar. Allez, mayar da kwalinka. Yaya kuwa, bar ni da shi."