Manomin da Ya Rasa Masu Taya Shi Rantsuwa

Wai ni ake wa laƙabi da uban yawon suna da zaman makoki, mai neman tuwon banza! Ni, da ba a ƙulla magana a unguwar nan sai an aiko kirana? To gyara zama, Malam, ka ji yadda aka yi a Ingila ta dā, zamanin mutanen da ake kira Angulo-Sakson.

Su kotunsu ba ɗaki ba ce. Duk wata mazan yanki kan taru a kan wani tudu a yi shari'a, kuma ba a cika tambayar wa ya gani ba. Wanda aka tuhuma zai rantse, sannan ya kawo mutanen da za su rantse cewa rantsuwarsa gaskiya ce. In sun cika adadi ya kuɓuta, in ba su cika ba sai ya ɗauki gasasshen ƙarfe da hannu, in ƙunar ta ruɓe a ce shi ne mai laifi. To, akwai wani manomi da ko tsinken wani bai taɓa ɗauka ba, amma a yi biki yana gona, a yi mutuwa yana gona. Cewa yake gaskiyarsa ta ishe shi. Rannan maƙwabcinsa, wani mai sakin fuska da ba a ɗauke tukunya daga murhunsa, ya kai ƙara wai manomin ya sace masa sa.

Ana gobe taro manomin ya wanke ƙafa ya bi gida-gida. Wannan ya ce ciwon baya, wancan ya ce matarsa na kan gwiwa. Wani tsoho ne kaɗai ya dube shi ya ce, "Ban ce kai ɓarawo ba ne. Amma ranar da na binne ɗana ban ga fuskarka ba. Ta yaya zan ɗora raina a kan wanda ban sani ba?" Washegari ya hau tudu shi kaɗai, maƙwabcin kuwa jama'a a bayansa kamar ranar kasuwa. Ya ɗauki ƙarfe, aka naɗe hannun. Da aka kwance, ya cika da mugunya, aka ce Allah ya tona asirinsa. Aka karɓe shanun huɗarsa, hannun da yake riƙe garma da shi kuma ya ƙandare har ya mutu. Shi kuwa wannan sa da aka ce an sace, rabin mutanen da ke tsaye a tudun sun sha romonsa a gidan mai ƙara, ba wanda ya ce uffan.

Gaskiya kam yana da ita, bawan Allah. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya.