Gawar da ke Sauri Zuwa Gumel

"To ni na ce ka yi mini wa'azin fetur?" Gwaggo Tambai ta katse muryar hukuma da ke magana ta cikin motar.

Tun da aka kafa dokar tsimin fetur, babu motar da ke wuce gudun keke, komai takun da ka yi mata, sai wadda ta ɗauko gawa. Ga ƙanenta Mamuda kwance a Gumel, an ce da wuya ya kai la'asar, kuma rabonsu da magana shekara tara.

Ta miƙe a kujerar baya, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Isuhu, gaya musu gawa ka ɗauko."

Isuhu, ɗan ƙanwarta, ya saki sitiyari. "Innalillahi! Gwaggo, ina faɗa za su goge sunanki daga cikin rayayyu. Ba asibiti, ba katin hatsi, har abada!"

"Ina da haƙoran cin hatsin ne?"

Isuhu ya faɗa musu. Muryar ta ce, "Allah ya jiƙanta. Ka tabbata ta cika?"

Isuhu ya waiwayo ya dube ta.

Daga ƙarƙashin mayafin ta ce, "Ce masa ta cika tun safe. Kuma sauri take yi."