Mai Bin Sawun Zabuwa

Ka tambaye ni, Tanimu, ko dabba tana da ra'ayin kanta, ko kuwa cikinta ne kawai yake jan ta. Gyara zama, ga misali.

An yi wani manomi a wani ƙauye, mutum mai yawan bayani, wanda ko "ina kwana" ka ce masa sai ya ba ka dalilin sanyin safiya. Abin da ya fi son faɗa a dandali shi ne dabba ba ta da nufi. A cewarsa yunwa ke tura ta, tsoro ke korar ta, saura kuwa sabo ne. Wanda ya san waɗannan ukun ya gama sanin dabba, tun daga kiyashi har raƙumi. To, yana da zabuwa guda ɗaya tak. Da damina ta kankama sai zabuwar ta fara ƙwai, amma ya duba ko'ina bai ga inda take zubawa ba. Mutanen dandali suka samu abin tsokana: ga masanin dabbobi, ga zabuwarsa ta gagare shi. Abin ya ci masa rai, ya rantse a gaban dattawa cewa kafin kasuwa ta zagayo zai kawo musu ƙwan a cikin hularsa, in ya kasa a aske masa gemu.

Washegari ya rataye fartanya ya bi ta. Tana tafe tana tsince-tsince, yana biye yana sanɗa, yana laɓewa a bayan kowane kututture, ga shi ƙato, kututturen bai rufe ko rabinsa ba. In ya tsaya gyara takalmi sai ita ma ta tsaya, ta karkata kai ta dube shi da ido ɗaya har ya gama. Shi kuwa sai ya ce a ransa tsutsa ta gani. Ran farko ta ratsa da shi cikin sarƙaƙƙiya, ya koma gida da rabin riga. Rana ta biyu ta bi ta ƙarƙashin wata bishiya da rina suka yi gida, ita ta wuce sumul, shi kuwa suka harbe shi, ya dawo da leɓe a kumbure kamar waina. Kwana biyu bai iya magana a dandali ba, gari ya huta. Daga baya ta shigar da shi gonar gyaɗar wata tsohuwa, wadda ta tarar da shi yana rarrafe tsakanin kunya, ta yi masa ihun ɓarawo har da jifa. Kullum kuma, da rana ta take, sai zabuwar ta tashi fir, ta haye rafi ta ɓace. Ya ce shi ke nan, ƙwan yana ƙetare. Ya shiga rafin, taɓo ya kama shi har ƙugu, sai da masu wucewa suka zaro shi kamar rogo. Kasuwa ta ci ta watse, wanzami ya yi aikinsa a gaban jama'a. Duk da haka bai daddara ba. Maƙwabta suka gama maimai, geronsa kuwa ciyawa ta shanye shi, yana can yana bin tsuntsuwa.

Ran nan ƙaya ta soke shi a ƙafa, dole ya komo gida da wuri yana ɗingishi. Ya tarar gidan tsit, matarsa na tsintar wake a inuwa. Ta ɗora yatsa a baki, ta nuna masa ɗakinsa. Ya leƙa. Ga zabuwa kwance a ƙarƙashin gadonsa, cikin tsohuwar malafarsa, hankalinta kwance.

Matar ta ce, "Malam, ai tun ran da ka fara bin ta nan take yi. Sai ta raka ka daji, ta tabbatar ka yi nisa, sannan ta zagayo."

Ya ce, "Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce, "Yaushe ka yi shiru da zan samu wurin magana? Soyayyen ƙwan da kake ci kowace yamma kana zagin ta, na wa kake zato?"

Zabuwar ta ji muryarsa, ta miƙe ta karkaɗe jiki, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta fice. Daga ranar ba ta sake yin ƙwai a gidan ba, shi kuma bai sake neman sanin inda ta koma ba. Ya ɗauki fartanya ya tafi ceton abin da ya rage na geronsa.

Ni dai, Tanimu, ban shiga kan zabuwa na ga abin da ke ciki ba, shi ma bai shiga ba. Abin da na sani shi ne, mako uku yana karanta ta bai gane komai ba, ita kuwa tun safiyar farko ta gama karanta shi. Shi ya sa Hausawa suka ce: kifi na ganinka, mai jar koma.